Wutar da ke dafa mai ita ke toshe dutsen: maganar yashin ƙarƙashin Sokoto

Duk sanda maganar man fetur ɗin Sokoto ta taso a majalisarmu bayan isha'i, hujja ɗaya ce ake jawowa, wai ai ga Nijar nan, daga Illela taku kaɗan ka shiga Konni, su suna haƙo mai to mu mi zai hana. Wani kuma ya ce ai har Bauchi da Gombe an samu a Kolmani saura mu kawai. Ni da na karanci ilimin duwatsu abin nan na damuna, ba dan bana son a samu ba, wallahi ina so, ina ganin samarinmu da ke zaune ba aikin yi, sai dan akwai wani ɓangare na maganar da ba a kawo shi ko a rediyo, alhali shine yake mayar da rijiyar da aka kashe ma biliyoyi ta zama ramin banza bayan an gama buga ganga. Wato abin da ya sami yashin bayan ƙasa ta binne shi.

Mutane da yawa suna ɗauka mai wani tafki ne a ƙarƙashin ƙasa, ka huda ka zura bututu ka tsotso. Ba haka abin yake ba. Ka je gulbin Rima da rani lokacin da ruwa ya janye, ka tona yashi da hannu kamu biyu ko uku, zaka ga ruwa na tsattsafowa yana taruwa a ramin, to ina ruwan nan yake kafin ka tona? Yana tsakanin ƙwayoyin yashin, cikin 'yan ƙananan sararin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Haka mai yake zaune, sai dai shi yashin nashi ya daɗe a binne har ya zama dutse, dutsen yashi, kuma irin wanga dutse shine rumbun man Najeriya kusan gaba ɗaya, tun daga Oloibiri inda aka fara samu a 1956 har zuwa rijiyoyin cikin teku.

Abu biyu ake aunawa a jikin dutsen. Na farko yawan sararin, kashi nawa cikin ɗari na dutsen ne fili wanda ruwa ko mai zai iya zama. Na biyu kuma, wanda ni a wurina ya fi nauyi, shine ko sararin nan suna haɗe da juna ta yadda mai zai ratso ya iso bakin rijiya. Ka ɗauka unguwa ce mai manyan gidaje cike da jama'a amma duk lungunan an toshe su, mutane na nan amma ba mai fita. Laka haka take, wani lokaci ma ta fi yashi yawan sarari, amma hanyoyinta sun yi ƙanƙanta ƙwarai, shi ya sa ruwa ke kwana a kududdufi wata da watanni, yashi kuwa kana zuba mishi ya shanye ya wuce. Ma'aunin wagga ratsawa darsi ake ce mishi, sunan wani injiniyan Faransa ne Henry Darcy, wanda a 1856 ya yi gwajin tace ruwan sha ta cikin yashi a garin Dijon, kaga ilimin ma daga aikin ruwa ya faro kafin 'yan mai su aro shi.

Yashi sabo wanda gulbi ya zubar yau, kusan kashi 40 cikin 100 nashi fili ne. Da haka kowane yashi ke farawa, ko ɗan sama ko ɗan ƙasa. Amma in ka ciro shi bayan shekara miliyan 50 ko 100 daga zurfin kilomita 3 ko 4, wani zaka same shi da kashi 25 mai na gudu a cikinshi, wani kuma kashi 5 ko ƙasa da haka, ya ƙanƙame kamar dutsen niƙa. Duk canje canjen da suka faru tsakanin ranar da aka binne shi da ranar da aka ciro shi, matsewa da siminti da narkewa da tsirowar laka, su masana ke haɗawa su ce dayajenesis. Kuma na'urar girgiza ƙasa da ake yawo da ita a daji ba ta nuna wannan dalla dalla, ita tana nuna maka siffar shimfiɗun dutse da inda suka lanƙwashe suka yi tarko, amma ƙwayar yashi da abin da ya liƙe mata sai an ciro dutsen an sa ido.

Abin da ke fara taɓa shi nauyi ne. Duk wanda ya taɓa ɗura gero a buhu ya san in ya cika sai ka ɗaga ka dire ka girgiza, ya sauka ya ba ka wurin ƙarin kwano ɗaya ko biyu, geron bai ragu ba, ƙwayoyin ne suka gyara zama. Haka yashi ke yi in ƙasa ta yi ta taruwa a kanshi, ƙwayoyi su zame su juya su shige cikin juna, ruwan da ke tsakani ya fice. Yashi mai tsabta mai tauri, daga kashi 40 yakan sauko wajen 26 cikin kilomita 2 zuwa 3 na farko, daga nan ya cije, nauyi kaɗai bai cika rage shi sosai ba. Amma fa sai in ƙwayoyin girmansu ɗaya. Ka haɗa wake da gero a kwano ɗaya ka ga yadda geron ke cike tsakanin waken, haka yashin da ya haɗa manya da ƙanana yake, tun ranar farko an rage mishi rabo. Mafi muni shine in akwai gutsattsarin dutse mai laushi a ciki, ɓarɓashin dutsen laka ko na aman wuta, nauyi na taka su sai su mutsuke kamar dafaffen dankali su shige kowane lungu, irin wannan yashi tun bai yi nisa ba ya mutu.

Sai siminti, kuma nan ya kamata mu Sakkwatawa mu fi kowa saurin ganewa tunda Kalambaina na bayan gidanmu. Ruwan da ke tsakanin yashi a ƙasa ba ruwa ne zalla ba, yana ɗauke da narkakkun ma'adinai, in yanayi ya canza sai ya sauke su, kamar farin abin nan da ke liƙewa cikin butar mai shayi in ta daɗe tana tafasa ruwan rijiya. Irin farin abin nan shine kalsayit, shine kuma ainihin abin da ke cikin farin dutsen da kamfanin siminti ke fasawa a Kalambaina. In yashi ya kwanta a bakin teku tare da ɓawon katantanwa da makamantansu, ɓawon kan narke ya sake daskarewa tsakanin ƙwayoyin, wani lokaci tun ƙasa bata gama rufe shi da kyau ba. Sau da yawa bai cike rumbun duka, sai ya yi dunƙule dunƙule ko ya yi siraran faifai da ke raba rumbu ɗaya ya zama ɗakuna, rijiya na nan tana bada mai, wani man na can gefe ya kasa ƙetarowa. Alherinshi ɗaya ne, in ya zo da wuri kuma kaɗan kaɗan yakan tokare ƙwayoyin ya hana nauyi matse su, daga baya in ruwa mai tsami ya biyo ya narkar da shi sai sararin ya dawo.

Amma babban makashin dutsen yashi mai zurfi simintin kwaz ne. Kwaz shine farar ƙwayar nan mai ƙyalli da ta fi yawa a yashin gulbi. Muddin ƙasa da sauran sanyi ba abin da ke faruwa da shi, sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas sannan kowace ƙwaya ta fara girma, sabon kwaz na tsirowa a jikinta yana bin tsarin tsohon, sannu sannu su yi ta faɗaɗa cikin filin da ke tsakaninsu har su haɗe su zama abu guda. Daga ina sabon ke fitowa? Mafi yawa daga cikin dutsen kanshi. Inda ƙwayoyi suka dannu da juna, musamman in akwai 'yar laka ko ɓawon mika, wani ma'adini mai sheƙi da ke ɓarewa falle falle, a tsakani, wurin na narkewa a hankali, abin da ya narke ya matsa gaba kaɗan ya sauka a jikin wata ƙwaya inda ba matsi. In ka tsaga irin dutsen zaka ga wasu baƙaƙen layuka kamar haƙoran zarto, shaidar inda dutsen ya ci kanshi kenan, ya narke ta nan ya toshe ta can, asara biyu.

Kuma wanga siminti da zafi da daɗewa yake tafiya, ba da zurfi kai tsaye ba. Masanan Nowe irin su Olav Walderhaug sun nuna haka a shekarun 1990 har aka mayar da shi lissafin kwamfuta da kamfanoni ke yi kafin su sa injin a ƙasa. A yawancin wurare zafi na ƙaruwa wajen digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita in ana nitsawa, kuma duk ƙarin zafi saurin simintin ninkawa yake, ba wai ƙaruwa kaɗan ba. Yashin da ya shekara miliyan 5 a digiri 120 da wanda ya shekara miliyan 100 a wannan zafin ba ɗaya suke ba ko kusa. Ka dubi Hassi Messaoud na Aljeriya, shi ma a 1956 aka gano shi kamar Oloibiri, ƙaton fili ne da har yau yake riƙe da ƙasar, amma yashinshi tsoho ne tukuf wajen shekara miliyan 500, kwaz ya ci ƙarfinshi har sararin ya koma wajen kashi 10 ko ƙasa da haka, tsage tsagen da ke jikin dutsen ne ke taimaka ma man ya tafi. Na Neja Delta kuwa yaro ne ɗanye, yashin Agbada a wurare da dama sararinshi ya haura kashi 30, bai ma gama zama dutse ba, har matsalar injiniyoyin can ita ce yashin na biyo man ya cinye bututu sai an sa mishi matata a ƙasan rijiya.

To ga inda abin ke ɗaure kai, kuma shine zuciyar maganata. Shi man kanshi dahuwa yake yi. Ragowar ƙananan halittun ruwa da aka binne cikin baƙar laka sai zafi ya kai digiri 60 zuwa sama suke fara sakin mai, ya yi ƙarfi wajen 100 zuwa 120, in ya wuce 150 kuma abin ya karkata zuwa gas. Ka ɗora waɗanga lambobi kusa da na simintin kwaz ka gani, wuri ɗaya suka faɗa. Wutar da ke dafa maka mai ita ce ke liƙe bakin tulun da zaka zuba shi. Shi ya sa filin mai na kirki sai an dace, laka ta nitse can ƙasa ta dahu, man ya sami hanya ya hauro, ya tarar da yashin da ke sama inda da sauran sanyi ko wanda wani abu ya kare shi, sannan a sami murfin laka a kanshi da zai hana shi wucewa.

Wanga abu da ke kare yashi, wani dattijo mai buga bulo ne ya sa na gane shi fiye da yadda na gane a aji. An kawo mishi tifar yashi ya ɗiba ya murza a tafin hannu ya ce a mayar. Na ce Baba mi ya faru, ai yashi yashi ne. Ya ce ɗana wanga laka gare shi, siminti bai kama shi, ka buga bulo da shi damina ɗaya ya zube. To abin da yake aibi a wurin Baba shine rahama a ƙarƙashin ƙasa. Sabon kwaz bai iya tsirowa sai a kan tsabtataccen jikin kwaz, in ƙwayar na sanye da siririyar rigar laka, musamman wata koriyar laka mai ƙarfe da ake ce ma kulorayit, simintin bai samun wurin kamawa. Rigar nan kaurinta bai kai na silin gashi ba, sai da madubin lantarki ake ganin tsarinta, wasu ƙananan ganyayyaki a tsaitsaye sun lulluɓe ƙwayar, amma ita ke raba rijiyar arziki da ta asara. A jihar Luwiziyana ta Amurka yashin Tuscaloosa a zurfin kusan kilomita 6 an same shi da sarari sama da kashi 20 saboda wagga riga, alhali maƙwabcinshi da ba shi da ita ya toshe. Yashin Norphlet a gaɓar Alabama, tsohuwar hamada ce aka binne, ya wuce kilomita 6, zafin wurin ya kai digiri 200, amma gas na fita daga cikinshi tun bayan gano shi a 1979. Haka yashin Tilje a tekun Nowe. Duk inda ka ji yashi ya yi zurfin da bai kamata ya rayu ba kuma ya rayu, ka nemi rigar.

Kuma rigar tun a sama ake ɗinka ta, wannan ne ya fi burge ni. Inda gulbi mai ɗauke da ƙarfe ya haɗu da ruwan gishiri laka kan manne ma yashi, tsutsotsin da ke haɗiyar yashi su fitar suma suna shafe shi da laka, a hamada kuma ruwan sama kan wanko ƙura ya ratsa da ita ya bar ta a jikin ƙwayoyi. Daga baya in an nitsa zafi ya mayar da ita kulorayit. Ma'ana abin da ya faru a bakin wani gulbi shekara miliyan 100 baya shi ke yanke hukuncin ko rijiyar yau zata biya kuɗinta. Amma sai rigar ta rufe ƙwaya gaba ɗaya, in ta yage ko kaɗan kwaz ta nan zai tsiro ya bazu, in kuma ta yi kauri da yawa ita da kanta ta cike hanyar. Tana da wata wahala kuma, tana riƙe ruwa a tsakanin ganyayyakinta, sai na'urar lantarki da ake zurawa cikin rijiya ta karanta ruwa a wurin da mai ne cike, wanda bai san da zamanta ba ya tsallake arziki ya wuce.

Ba kowace laka ce mai kirki haka ba. Akwai kawulin, farar lakar nan irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta Katsina, a cikin dutsen yashi takan tsiro kamar an jera faifai, tana cin wuri amma da sauƙi tunda a dunƙule take zama, sai dai in an ja mai da ƙarfi ta ɓalle ta bi ruwa ta je ta tsaya a maƙoshin hanya. Mugun shine ilayit. In zafi ya kai wajen digiri 120 zuwa 130, kawulin ya haɗu da sinadarin fotasiyam da ke fita daga ƙwayoyin felsifa, wani ma'adini da ke gauraye da kwaz a cikin yashi, sai su koma ilayit, shi kuma zare zare yake tsirowa kamar saƙar gizo ya ratsa daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Ka auna yawan sarari ka ga bai ragu sosai ba, ka yi murna, ka auna ratsawa ka tarar ta faɗi ninki ɗari ko fiye. Turawa sun sha wannan a Tekun Arewa, yashin Rotliegend wanda Holan ta sami gas ɗin Groningen a cikinshi a 1959, shi dai wannan yashi a wasu sassan teku ilayit ya shaƙe shi, haka yashin Brent in ya doshi kilomita 4.

Sai simektayit, wannan kowa ya san halinta ko bai san sunan ba, ita ce lakar fadama da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani har ƙafar akuya ta shige. In tana cikin rumbu kuma masu haƙa suka tura ruwan daɗi mara gishiri, sai ta kumbura ta rufe bakin rijiyar da hannunsu. Haka in aka zuba asid dan a wanke kalsayit ba a san da kulorayit ba, ƙarfen cikinta ya narke ya dawo ya daskare kamar tsatsa. Rijiya mai kyau takan lalace ta haka saboda ba a tsaya an karanci dutsen ba.

Akwai narkewa kuma, wadda ke buɗe sabon sarari. Felsifa bai kai kwaz juriya ba, ruwan sama da ya ratsa ƙasa ko ruwa mai tsami da ke fita daga laka lokacin dahuwa yakan cinye shi ya bar rami mai siffar ƙwayar. An yi zamanin da wasu masana suka ɗora buri sosai a kan wannan, suna ganin duk zurfi za a samu sabon sarari. Wasu kuma irin su Knut Bjørlykke na jami'ar Oslo suka ce a dakata, abin da ya narke ina ya tafi? A can ƙasa ruwa bai gudu kamar gulbi, dan haka felsifan da ya narke nan kusa yake sauka ya zama kawulin da kwaz. Ni hujjar waɗannan ta fi kwanta min, ka kwashe ƙasa daga tsakar gida ka zuba a zaure gidan bai ƙara faɗi ba. Inda narkewa ke yin amfani na gaske shine kusa da sama, inda ruwan sama mai yawa ya daɗe yana wanke dutsen yana fita da dattin. Wasu abubuwa biyu na taimakawa suma, in ruwan cikin dutse ya kulle ya kasa fita sai ya ɗauki wani ɓangare na nauyin ya rage matsewa, in kuma mai ya riga ya shiga da wuri ya kori ruwa, masana da yawa na ganin yana rage saurin siminti, duk da har yanzu ana ja in ja a kan iyakar tasirinshi.

Yanzu mu dawo gida. Abin da muke kira kwarin Sokoto gefen kudu maso gabas ne na wani ƙaton kwari da ya ratsa Nijar da Mali da Binin, wanda aka sa ma sunan Abzinawan Iwellemmedan. Sunayen shimfiɗunshi duk garuruwanmu ne, kuma Farfesa Kogbe, masanin duwatsu, ya yi aiki sosai a kansu a shekarun 1970. Can ƙasa akwai yashi da tsakuwar Gundumi da Illo, gulabe ne suka zubar da su. Sai teku ya shigo, eh teku, wajen shekara miliyan 70 baya ruwan gishiri ya ratso Sahara ya iso nan, a zamanin ne aka samu Taloka da Dukamaje da Wurno, kuma a sahun Dukamaje aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa aka raɗa mata Goronyosaurus saboda Goronyo. Ya janye ya sake dawowa ya bar lakar Dange mai fosfet da farin dutsen Kalambaina da sahun Gamba, sannan Gwandu ta zo ta rufe sama, da jar marmarar nan da ke kan tuddai wadda ƙarfe ya ɗaure.

Yashin nan namu in ana maganar sarari lafiyarshi lau. Ka je inda Taloka ko Wurno suka fito fili ka ɗauki dutsen, da yatsa zaka murje shi, bai ji wutar da zata sa kwaz ya liƙe shi ba. Shaidar ma muna shan ta kullum, burtsatsenmu daga irin waɗanga yashi suke jawo ruwa, a sahun Gwandu har akwai wuraren da ruwa ke haurowa da kanshi ba famfo, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta wallafa wannan tun 1973. Taloka da Wurno dai yashi ne lallausa mai gauraye da laka, ba su kai mai tsakuwa sakin ruwa ba, amma rumbu kam akwai shi.

Damuwata na ɗayan gefen. Shimfiɗun kwarinmu sirara ne, sun kwanta a hankali suna gangarawa arewa maso yamma suna ƙara kauri in ka nufi iyakar Nijar, ta gabas kuwa in ka doshi Gusau tsohon dutsen gindi ne ya fito fili ba komai a kanshi. Yi lissafin da kanka, matsakaicin zafin saman ƙasa a nan wajen digiri 28 ne, ka ƙara 25 zuwa 30 a kowace kilomita, kafin ka taɓa 80 sai ka nitsa wajen kilomita 2, kafin 100 kuwa ka doshi 3. Rashin wutar da ya bar mana yashi a buɗe shine kuma zai iya barin lakar Dukamaje da Dange ɗanya. Neja Delta kaurin shimfiɗunta ya haura kilomita 10, tana da zurfin da zata dafa a ƙasa ta adana a sama. Man Nijar da ake mana misali da shi kuma ba a bayan Konni yake ba, yana Agadem can gabas a jihar Diffa wajen Chadi, ɗaruruwan kilomita daga nan, cikin kwarin Termit wanda tsagin ƙasa ne mai zurfi da shi ma ya wuce kilomita 10, daga can ake turo shi matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana. Kwarin daban, tarihin daban. Kolmani da NNPC ta sanar a Oktoban 2019, Buhari ya je ya ƙaddamar a Nuwamban 2022, ita tambayarta ta juya ne, tsagin Binuwai da take ciki ya sha wuta har da aman wuta a yankin, yashin Bima da ke can kuma tsoho ne mai felsifa da yawa, dan haka can abin dubawa shine nawa ya rage na sararin da ratsawar bayan duk wannan dahuwa.

Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 na wata ribar NNPC dan binciken sababbin kwari irin namu, kuma in rabon Sokoto ya zo ni abin da nake roƙo ƙarami ne a kan abin da ake alkawari. A je inda kwarin ya fi kauri ta wajen iyaka a haƙa rijiyar bincike guda har a taɓo dutsen gindi, a ciro dutsen a jere ba tare da an niƙe shi ba, a auna zafin ƙasan rijiyar, a duba baƙar lakar a ga iya dahuwar da ta yi, a yanka yashin ya yi sirantar milimita 0.03 a ɗura mishi shuɗin ƙaro ta yadda duk inda fili yake zai fito shuɗi a madubi, a ba ɗalibanmu na jami'ar Ɗanfodiyo su ƙirga ƙwaya ƙwaya. Wanda na fi ƙaguwa in gani shine Gundumi a can ƙasan, ko ƙwayoyinta na sanye da riga ko tsirara suke. Kafin nan ma akwai abin da ke zubewa a banza kullum, masu haƙa burtsatse na fito da ɓarɓashin waɗanga shimfiɗu a kowace unguwa a share a zubar, da za a riƙa ɗibar kwano ɗaya duk bayan mita 3 a ƙulla a leda a rubuta zurfin da sunan garin a kai sashen ilimin ƙasa, da yanzu muna da taswirar yashin Gwandu da na Taloka da Wurno unguwa unguwa.